Kukan da uwa ba ta mantawa: labarin zakin teku

Yau teku muka nufa, gaɓar Kalifoniya a Amurka, wajen wata dabba da ake kira zakin teku.

Kar sunan ya ruɗe ku, bai yi kama da zakin dawa ba. Kuma ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa kamar ni da kai, macen tana haihuwa tana shayarwa. Yana da 'yan ƙananan kunnuwa, kuma yana iya dogarawa da filafilansa ya yi tafiya a kan tudu. Babban namiji yakan haura kilo 300.

To, ga abin da ya kama ni. Galibi a watan Yuni suke haihuwa, dubbai a wuri guda, a tsibirai irin su San Migel. Uwa takan yi kamar mako guda tare da jaririnta, sai yunwa ta kora ta teku neman kifi, kwana biyu ko uku. Ta dawo ta tarar da jarirai birjik, kowa na tsala ihu. Ta yaya za ta gane nata? Kira take yi, shi kuma ya amsa. Ta bi muryar har ta iske shi, ta sansana shi, sannan ta ba shi nono. Ɗan wata ya matso kuwa, korar sa za ta yi.

Duk wannan tsarin a kan abu ɗaya ya rataya: kifi ya kasance kusa.

A 2015 ruwan wannan yanki ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba. Kifin sadin ya yi ƙaranci, har hukuma ta dakatar da kamun sa na kasuwanci a gaɓar yammacin Amurka. Iyaye mata suka riƙa yin nisa, suna daɗewa. Jarirai suka gaji da jira, suka faɗa ruwa tun ba su iya farauta ba. Sama da 3,000 aka tsinta a bakin teku, fata da ƙashi.

Wani zai ce uwar ce ta yi sakaci. A'a wallahi, ban yarda ba. Tana can tana fafutuka, kuma da yawa sun dawo tsibirin sun yi ta kira, babu mai amsawa.

Ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa, sai mako mai zuwa.