Wayar Fitila a Gida: Awonta da Haɗinta



Mun zaɓi yin magana a kan waya ne domin ba da jimawa ba yawancinmu za mu kama haya ko mu fara ɗan gini, mai aikin lantarki ya miƙo mana takardar kaya, mu biya ba tare da mun san abin da muka saya ba. Bayan an yi filasta, wayar ta shige bango da silin, a ƙarƙashinta iyalinmu za su riƙa kwana shekara da shekaru.

Ƙasarmu ta gaji tsarin lantarki na Ingila, wato bolt 230. Ƙa'idar sa waya ta can, wadda aka fara bugawa a 1882, ita ake kira BS 7671 a yau. A bisa wannan tsari, layin fitilu yakan ɗauki wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.0 ko 1.5, a tsare shi da fis mai amfiya 5 ko bireka mai amfiya 6. Waya mai 2.5 ta soket ce.

Lissafin ba wuya. A raba wat da bolt, sai a sami amfiya. Ƙwai goma na tsohon yayi masu wat 100 sun kama wat 1,000, wato amfiya 4.3. Ƙwai goma na LED masu wat 10 ba su kai rabin amfiya ba. To, in haka ne, me ya sa muke ba da shawarar 1.5 maimakon 1.0?

Dalili na farko zafi ne. An auna ƙarfin waya mai rigar roba a kan zafin digiri 30. Idan zafin wurin ya kai 40, kashi 87 cikin ɗari na ƙarfinta ya rage mata. A digiri 50 kuwa, kashi 71. Duk wanda ya taɓa leƙa tsakanin kwano da silin a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san inda muka dosa.

Dalili na biyu nisa ne. Ƙa'ida ta ce kada raguwar wuta a layin fitila ta wuce kashi 3 cikin ɗari, wato bolt 6.9. Mu ɗauki layi mai mita 40 daga allon fis zuwa zaure, yana jan amfiya 5. Waya mai 1.0 za ta zubar da bolt 8.8, ta ƙetare iyaka. Mai 1.5 za ta zubar da 5.8 kawai. Ga kuma fankar silin da mukan ɗora wa wannan layi.

Sai dai lambar da ke jikin ƙunshin waya ba kullum take gaskiya ba. Akwai wayar alminiyum da aka shafe da jan ƙarfe, alhali alminiyum kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. A kankare bakinta da wuƙa: in cikin ya yi fari, a ajiye ta. A nemi mai tambarin hukumar SON. Araha ba ta ado.

Yanzu sai haɗi. Sau da yawa a mahaɗa matsala take farawa. Mun saba ganin an murɗa waya biyu an naɗe da tef an jefa silin. Da zafi ya sa tef ya saki, haɗin ya yi sako-sako, sai ya riƙa ɗumi har ya fara tartsatsi kusa da busasshen katako. Abin da ya kamata shi ne kwanakta mai sukurori, ko irin na zamani mai maƙalli, wanda awonsa ya dace da wayar, a rufe shi cikin akwatin haɗi inda hannu zai iya kaiwa. A feƙe roba daidai bukata, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, a ɗaure sukuron sosai, a ɗan ja a gani.

Makunni kuma a kan waya mai wuta ake sa shi, ja a tsohon launi, ruwan ƙasa a sabon launin da Ingila ta koma a 2004. In aka sa shi a ɗaya wayar, fitila za ta mutu, amma gidan ƙwan yana nan da wuta, yana jiran mai canza ƙwai. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole ta kai ga kowace fitila mai jikin ƙarfe. Idan fis ya ƙone kuma, kada a maye shi da ƙusa ko waya mai kauri, domin shi aka sa ya ƙone a madadin gida.

Ba mu ce kowa ya hau silin da filaya ba. A kira mai lasisi, amma a tambaye shi awon wayar, a duba haɗin kafin a rufe. Allah ya kiyaye mu da gidajenmu.