Me Ke Hana Mata 'Yan Kasuwa Samun Rancen Banki?

 A cikinmu akwai masu ƙuli-ƙuli, masu ɗinki, masu kiwon kaji da masu awo. Da yawa mun je banki neman rance don ƙara jari, muka dawo hannu rabbana. Yau muna so mu duba dalili.

Na farko shi ne jingina. Banki yakan nemi takardar mallakar fili ko gida. Tun dokar filaye ta 1978, sai da amincewar gwamna ake jinginar da fili mai takardar shaida. Mu nawa ne nan muke da takarda da sunanmu? Gidan da muke ciki na maigida ne, gonar gado kuwa sau da yawa tana hannun 'yan'uwanmu maza.

Na biyu shi ne rubutu. Ma'aikacin banki ba ya ganin kuɗin da muke ƙullewa a bakin zane. Yana so ya ga shiga da fitar kuɗi a asusu wata da watanni. Tun 2014 kuma ake neman lambar BVN ga mai asusu, wasunmu har yanzu ba su yi ba.

Amma akwai hanya. A 2005 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin bankunan ƙananan rance. A 2017 aka kafa dokar da ta ba da damar jinginar da kaya irin su keken ɗinki, injin niƙa ko dabbobi. Sannan mu dubi matan Maraɗi a Nijar: a 1991 suka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, suna zuba kuɗi kowane mako suna ranta wa juna, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Don haka mu fara daga gida. Kowace ta sayi littafi ta riƙa rubuta ciniki kullum, in ba ta iya ba ɗanta ya rubuta mata. Kuɗin adashe mu riƙa kai shi asusu da sunan ƙungiya. Kafin mu sa hannu a takarda, mu tambaya nawa za mu biya gaba ɗaya, har da ruwan kuɗi. Kada a ci rance don biki ko suna, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda bai haifar da riba ba shi ke cinye jari.