Goge Baƙin Dasashi: A Fara Bincike Kafin A Kunna Inji

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharhi ba.

Duk kun ga tallan da ke yawo a Instagram da TikTok: hoton baki kafin aiki, hoton baki bayan aiki, dasashi ya yi jawur, an rubuta wai babu zafi, babu haɗari. Wasu masu wannan talla abokan aikinmu ne, kuma mun sha kai ruwa rana da su a kansa. Har yau ina nan kan bakana. Ana iya yin aikin lafiya ƙalau, amma yadda ake sayar da shi ya saɓa wa ƙa'idar sana'armu ta likitancin haƙori.

Ba sai na koya muku inda duhun yake fitowa ba. Sinadarin melanin ne, kuma a wurin baƙar fata halitta ce. Tun 1964 Dummett da Gupta suka fitar da ma'aunin kwatanta shi. A Mali da Senegal ma akwai matan da ke yi wa dasashi jarfa don ya ƙara duhu, saboda a wurinsu ado ne. Hanyoyin gogewar kuma kun san su: wuƙar tiyata, kankarewa da inji, daskararwa, ƙonawa da lantarki, sai leza. Dukkansu fatar sama suke ɗaukewa. Idan dasashin siriri ne yakan janye, saiwar haƙori ta fito, mutum ya kasa shan ruwan sanyi. Idan zafin inji ya wuce kima, ƙashi ne ke shan wuya. Duhun kuma yakan dawo, ko bayan watanni ko bayan shekaru, domin ƙwayoyin da ke samar da shi suna sake mamaye wurin.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Damuwata ita ce ba kowane baƙi ne na halitta ba, kuma baki yakan riga sauran jiki ba da labari. Akwai baƙin mashaya taba, wanda Hedin ya bayyana a 1977, kuma yakan dusashe a hankali idan an daina sha. Wannan nasiha yake buƙata. Akwai wanda magani ke jawowa, irin su kulorokwin da minosaikilin idan an daɗe ana sha. Akwai na cutar Addison, inda duhun baki kan bayyana tun mai ita bai san abin da ke cin sa ba. Akwai ɗige-ɗigen Peutz-Jeghers a leɓe da cikin kumatu, masu nuni da tsiro a hanji. Akwai siririn layin nan mai shuɗi-shuɗi a gefen dasashi na gubar dalma, kuma wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba zai raina wannan alama ba.

Sai kansar melanoma. Ba ta da yawa, na yarda, amma wurin zamanta a baki shi ne ganɗa da dasashin sama, wato dai inda ake kai inji. Ku lura da wannan da kyau. Wanda ya yanka da wuƙa yana da naman da zai aika ɗakin gwaji. Leza kuwa ƙone naman take yi ya bi iska. Likita ya goge tabon, ya karɓi kuɗinsa, majiyyaci ya tafi yana murna, ita kuma cutar tana nan a ƙasa tana yaɗuwa, an kawar da shaidar da za ta tona ta.

Za a ce mini jikin mutum nasa ne, yana da 'yancin zaɓi. Haka ne, amma wanda aka ɓoye wa rabin magana bai yi zaɓi ba. Za a kuma kawo mini rahotannin da ke cewa aikin ba shi da illa. Yawancinsu a kan mutane ƙalilan aka yi su, waɗanda aka riga aka tantance, kuma ba a bi su na dogon lokaci ba.

Shawarwarina ba sababbi ba ne. Na ɗaya, kada a taɓa dasashin kowa sai an tambaye shi tarihin taba, magunguna da sana'a. Tabon da ke gefe guda, ko sabo ne, ko ya tasa, ko yana sauya kama, a yanki samfuri a gwada. Na biyu, takardar amincewa ta faɗa ƙarara cewa duhun zai iya dawowa. Na uku, Hukumar MDCN mai kula da likitoci ta hana duk wanda ba likitan haƙori mai rajista ba yin wannan aiki, NAFDAC kuma ta gargaɗi jama'a kada a kai man bilicin cikin baki. Na huɗu, a koyar da ɗalibanmu da hotunan bakin mutanenmu, don su san kamannin lafiyayyen dasashi a nan, su daina ɗaukar na littattafan Turai a matsayin mizani.