Gyaran Taimin a Tsohuwar Fijo 504



An nemi in yi magana a kan sana'ata ta kanikanci. Na zaɓi batun taimin, domin wasunmu, har da malamanmu da suka yi ritaya, suna nan riƙe da Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. An daɗe da daina ƙera ta, saboda haka wanda injinsa ya lalace sai ya sha yawon neman kayan gyara.

Mene ne taimin? Shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta. Fetur ba ya ƙonewa nan take, shi ya sa wutar ke tashi ɗan kaɗan kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa.

Idan wuta ta yi gaggawa, za ka ji kacau-kacau a inji in ka taka totur a hawa, wani lokaci kuma inji ya riƙa turjewa wajen tayarwa. Kada a raina wannan ƙara, tana iya huda fistin. Idan wuta ta makara, mota za ta yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi, salansa ya riƙa harbi. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan kafireta ko lagireto, a kashe kuɗi a banza.

Shawarata ita ce, kada a fara da murɗa distiributa. A fara da kwantak. Ɗan dunduniyarsa yana cinyewa a hankali, tazararsa ta ragu, wuta ta makara. In tazarar ta yi faɗi, wuta ta yi gaggawa. A mayar da ita milimita 0.4 tukuna, domin duk taimin da aka saita kafin wannan zai goce.

Daga nan a duba wayoyin fulogi, jerinsu 1-3-4-2 ne. A cire murfin distiributa a ɗan murɗa rota da hannu, a saki. In bai koma da kansa ba, ƙarafan da ke ƙara wuta in gudu ya ƙaru sun cije, ko sifirin ɗinsu ya saki. A kuma duba siririn tiyon da ya taso daga kafireta, ko ya tsage.

Sai a dumama inji, a zare wannan tiyo a toshe, a haska alamar fuli da fitilar taimin. A bi lambar da littafin motar ya bayar, ba kunne ba. In alamar tana rawa, a zargi sandar distiributa ko sarƙar taimin. In ta tsaya cik, a sassauta noti a juya kaɗan-kaɗan har ta yi daidai, a ɗaure, a sake haskawa.

Roƙona gare ku, in kun kai mota gareji aka ɗauko sifana za a murɗa distiributa, ku tambaya ko an auna kwantak. Rigakafi ya fi magani.