Tankin Ruwan Zafi Da Sandar Hita: Abin Da Na Koyo A Challawa



Da aka ce in zo in yi magana kan abin da na samo daga aikin koyon sana'a, watau shirin nan na SIWES da aka kafa a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu, abokaina sun zaci zan yi bayani ne kan manyan injuna. To, ba shi na kawo ba. Abin da na kawo shi ne tankin ruwan zafi, irin wanda ke maƙale a bayin gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda ba mai tunawa da shi sai hunturu ya shigo, sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 15, a murɗa famfo a ji ruwa kamar na randa.

Watanni shida na yi a wata masana'antar fata a Challawa, ina kwana a Panshekara wajen 'yan'uwa. Wanda ya san wurin ya san unguwa ce ta ruwa da wuta. A nan bakin kogin Challawa aka gina gidan ruwan da ya fara ba birnin Kano ruwan famfo a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma ruwan ne ya ja masana'antu zuwa wannan gefe bayan Bompai da Sharada. Majemi kuwa yana wuni cikin lemun jima da gishiri da sinadarai masu cin fata, saboda haka wankan ruwan zafi bayan tashi daga aiki dole ne a gare shi. A makewayin ma'aikata akwai wani tsohon tanki na jan ƙarfe mai cin lita 120, ƙirar Ingila, wanda ina jin ya girme ni nesa ba kusa ba. Wata safiya ya daina zafi. Wani daga ofis ya ce a cire shi a sayo sabo. Maigidana a ɗakin gyara, dattijo ne da muke ce wa Baba, ya ce tankin lafiyarsa lau, sandar da ke cikinsa ce ta mutu.

Bari in bayyana wannan sanda, domin ita ce zuciyar al'amarin. Bututu ne na ƙarfe a lanƙwashe, masu gyara suna kiransa elemen, a cikinsa akwai siririyar waya da ke zafi idan wuta ta ratsa ta. An ɗaure shi da zare a jikin tanki, irin na Ingila faɗinsa inci biyu da kwata, yana nutse cikin ruwa. Ƙarfinsa galibi kilowat 3 ne. Ga masu son lissafi: kowace lita tana buƙatar kimanin kilojul 4.2 kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka ɗaga lita 120 daga digiri 20 zuwa 60 zai ci wajen yunit 5.6 na wuta, cikin abin da bai kai sa'a biyu ba. Duk wannan zafi ruwa ne ke kwashe shi daga jikin sandar. Idan babu ruwa, babu mai kwashewa, sai sandar ta ƙone kanta cikin 'yan mintuna.

A nan ne matsalar Kano take. A ƙasar da aka ƙera tankin, ruwa ba ya yankewa. Mu kuwa tun zamanin NEPA, har aka koma PHCN a 2005, har KEDCO ta karɓi rabon wuta a 2013, ruwa da wuta ba su cika haɗuwa a gida ɗaya lokaci ɗaya ba. Mutum zai bar makunni a kunne ya fita don babu wuta, tankin sama ya ƙare, ruwan ciki ya ragu, sai a kawo wuta da tsakar rana ba kowa a gida. Abu na biyu shi ne laka. Duk lokacin da famfo ya dawo bayan ya daɗe a bushe, kun ga jan ruwan da ke fara zuwa. Wannan laka a gindin tanki take kwanciya. Inda kuma ake amfani da rijiyar burtsatse mai ruwa mai nauyi, wani farin ɓawo kamar alli yakan lulluɓe sandar. Mutane na cewa ɓawon yana sa a sha wuta da yawa. Gaskiyar magana, zafin ba shi da inda zai je in ba cikin ruwan ba. Illar ɓawon ita ce yana riƙe zafi a jikin sandar har ta tsage.

Yanzu ga yadda Baba ya yi aikin, kuma ina roƙon yayyenmu da aka ba gidajen gwamnati su saurara da kyau. Da farko ya kashe wuta, bai tsaya ga makunni ba, ya je ya zare fis ɗin ya sa a aljihunsa, sannan ya gwada wayoyin da testa. Na yi dariya, ya ce mini wanda ke da fis a aljihu shi kaɗai ya san ba wanda zai mayar. Sai ya rufe bututun da ke kawo ruwan sanyi, ya buɗe famfon ruwan zafi har ya daina zuba. Ni na ɗauka tankin ya ƙare ke nan. Ashe ko kusa. Ruwan zafi ta saman tanki yake fita, saboda haka famfo na iya ɗaukewa alhali lita 120 ɗin nan na nan cif. Mutane da yawa a nan suke kwance sanda, ruwa ya malale ɗaki, in da sauran zafi ya ƙona su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kafin ya zubar da ruwan, sai ya ɗora babbar sifana a kan sandar ya ɗan buga ta har ta motsa kaɗan, ya bar ta haka. Na tambaye shi dalili. Ya ce jikin tankin jan ƙarfe siriri ne ƙwarai, sandar kuma ta shekara da shekaru a ɗaure, ta kama. Idan tanki ba kome a ciki ka murɗa da ƙarfi, bangon zai lotse ko ya yage a bakin zaren, shi ke nan ka kashe tanki don ka ceci sanda. Amma idan yana cike, nauyin ruwan ne ke tokare bangon daga ciki. Ban taɓa ganin wannan a littafin da muke karantawa ba, ko da yake dalilinsa kimiyya ce zalla.

Daga nan muka sa mesa a ƙaramin famfon da ke gindin tanki domin zubarwa. Ya ƙi buɗuwa, laka ta toshe shi. Baba bai matsa masa ba, don tsohon famfo in ya karye aiki ya zama biyu. Ya kwance bututun sama, ya zura mesa har ƙasa, muka zuƙo ruwan kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota, muka bar shi ya gangara kwata. Da muka zare sandar, ta yi fari fat, ta tsage wuri biyu. Lakar da muka kwaso da hannu ta ramin ta kusa cika bokiti.

Saura nawa laifin, tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya. Mun ɗaura sabuwar sanda da sabon zoben hana yoyo, mun haɗa wayoyi har da ta ƙasa, watau at, sai aka kira Baba wani sashe. Ya bar mini fis ya ce in cika tanki tukuna. Na buɗe ruwa, na ji yana shiga, gaggawa ta kama ni, na mayar da fis. Ruwan bai kai ga sandar ba. Ƙauri kawai na ji. Sandar da ba ta yi rabin sa'a a tanki ba ta mutu, kuma ma'aikata wajen arba'in suka ƙara kwana biyu suna wanka da ruwan sanyi a watan Janairu saboda ni. Baba bai yi faɗa ba. Ya nuna mini alamar da ya kamata in jira: a bar famfon ruwan zafi a buɗe, zai yi ta tari yana fitar da iska, sai ruwa ya zubo sosai ba yankewa, sannan a san tanki ya cika. Kuɗin sanda ta biyu daga alawus ɗina ya fito, ban kuwa yi gardama ba.

Abu biyu suka rage. Na'urar da ke kashe wuta idan ruwa ya yi zafi, wadda ake zurawa cikin sandar, a saita ta a digiri 60. Sama da haka ɓawo yana saurin taruwa, yara kuma suna ƙonewa. Ƙasa da haka sosai, ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya daɗe a kwance yana raya ƙwayar cutar huhun nan da aka gano bayan ta kashe mutane a wani otal a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Sannan ƙananan tankunan zamani da ake ratayawa a bango, waɗanda suke a rufe ruf, suna da wani ɗan bawul da ke ɗiga idan matsi ya yi yawa. Na ga gidajen da aka toshe shi don ɗigar tana ɓata bango. Kada ku yarda a yi muku haka; idan na'urar kashe wuta ta lalace kuma bawul a toshe, tankin fashewa zai yi.

Sandar da na ƙona tana nan a kan tebur, na zo da ita tare da tsohuwar mai ɓawo, wanda ke so ya matso ya duba su bayan an tashi.