Darasi Daga Ƙauyen Old Crow



A can ƙuryar arewacin Kanada, a yankin Yukon, akwai ƙauyen Old Crow, mazaunin al'ummar Vuntut Gwitchin, waɗanda ke wurin tun kafin zuwan Turawa. Babu titin da ya haɗa su da sauran garuruwa, saboda haka da jirgin sama ake kai musu man dizal na injinan wuta.

A shekarar 2018 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shiri na dalar Kanada miliyan 220 domin rage dogaron irin waɗannan ƙauyuka ga dizal. Da tallafin gwamnati, mutanen Old Crow suka kafa faranti fiye da 2,000 masu zuƙo hasken rana, suka fara ba da wuta a 2021. An ƙiyasta za su rage ƙona kusan lita 190,000 a shekara, ko da yake da hunturu, idan rana ta ɓuya, sai an koma ga injin.

Abin lura shi ne, tashar mallakar al'ummar ce. Su ke sayar wa kamfanin lantarki wuta, kuɗin ya dawo gida. Mu da Allah ya hore wa rana duk shekara, idan tallafi ya zo mana, mu tambayi wa zai mallaki aikin, domin zanen aro ba ya rufe katara.