Ruwan da Ya Bar Kano, Ina Yake Zuwa?

  Wadda ke kan tuƙin tuwo ta ci gaba da tuƙinta, kunne kawai nake roƙo.

Yau fita za mu yi, amma ba sai kin nemi izinin maigida ba, don kina zaune a tsakar gidanki zan kai ki in dawo da ke. Za mu bi ruwa ne. Ruwan nan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa a turo mana a famfo, idan Allah ya sa famfon ya kawo, daga kogin Kano da kogin Challawa ake ɗibarsa. Kogunan biyu sukan haɗe su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Wudil, ya wuce Ringim, ya isa Haɗejiya. To daga can ne ƙasa take shimfiɗewa kamar faifai, ruwan ya rasa gangare, sai ya bazu ya zama fadamu da tafkuna har Nguru da Gashuwa a jihar Yobe. Wannan wuri shi ake kira dausayin Haɗejiya da Nguru.

Kada ki ce ina ruwanki da shi. Leƙa ɗakin girkinki. Bandar kifin da kike jefawa a miyar kuka, tarwaɗa ce ko karfasa, da yawanta daga can 'yan kasuwa suke kawo ta. Haka shinkafar gida, haka kabar da ake saƙa tabarma da mafici, haka gorubar da yaranki ke gwagwiya. Tun 1930 da layin dogo ya isa Nguru daga Kano ake wannan safara tsakaninmu da su.

Amma abin da ya sa sunan wurin ya kai ƙasashen Turawa shi ne tsuntsaye. Idan sanyi ya tsananta a Turai, ruwansu ya daskare, sai agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu su taso, su ƙetare teku, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a dausayin nan su yi hunturu tare da mu. Dubbai kan dubbai. Akan kama wani a ga zobe a ƙafarsa da rubutun wata ƙasar Turai, masu bincike ne suka sa masa don su san inda yake zuwa. Ki duba ikon Allah, Hajiya: tsuntsun da bai kai girman kazarki ba, ba fasfo, ba guzuri, ba ɗan rakiya, kuma ba ya ɓata hanya. Can zai tarar da 'yan gida, su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. A tafkin Dagona da ke ƙasar Bade aka keɓe musu wurin da ba a farauta, kuma a 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo da kansa ya kalle su. Akwai irinsa a Baturiya ta jihar Jigawa. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

To ina matsalar? Matsalar daga wajenmu ta faro, gaskiya ɗaya ce. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Mu Kanawa mun ci moriya, mun sami ruwan sha, mun sami noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa suka wadata. Su kuwa na ƙasa, ambaliyar da ke zuwar musu kowace damina ta kwanta a gona, ta janye ta bar musu laka mai albarka da kifi, ita ce ta ragu ƙwarai, ga kuma fari da aka sha a shekarun nan. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi ya tafi, sai ya koma tsiyaya kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan shi ne abin da wata ciyawa mai suna kacala take so. Doguwa ce, ta fi mutum tsawo. Ta cinye gonaki, ta toshe hanyoyin ruwa, kwalekwale ba ya ratsa ta, ga tsuntsayen jan-baki sun sami maɓoya suna fitowa su cinye gero da shinkafa. Wani gari ruwa ya daina zuwa, wani garin kuma ya yi masa yawa har ya ci gidaje, kamar yadda muka gani a Jigawa a 2020 da 2022.

An yi ƙoƙarin gyara, ba a zauna ba. Tun 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin. An gwada sakin ruwa mai yawa daga madatsun don ya yi kama da ambaliyar da. Mutanen ƙauyuka sukan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje suna yankan kacala, gwamnati ma ta kai injinan yashe kogi. Inda aka buɗe hanya, ruwa yakan koma, kifi ya biyo shi, tsuntsu ya biyo kifi. Sai dai kacala ba ta jin yanka ɗaya, ka juya baya ta tofo. Baƙi masu zuwa kallo kuma sun ja baya tun da rikicin arewa maso gabas ya taso.

Na taɓa zuwa can da sanyin asuba. Da garken ya tashi gaba ɗaya sai na ji kamar an kaɗa tabarmi dubu a sama. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kududdufin unguwarmu a cikin birni. Kakata takan ce daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina gidajenmu, shi ke shanye ruwan damina, balbela na sauka a bakinsa, shamuwa na sheƙa a bishiyar da ke gefe. Yau an cike shi da shara an yi gini a kai, ruwan sama kuwa idan ya sauko sai ya nemi tsohon gidansa, ya shigo mana har ɗaka. Yaushe rabonki da ganin shamuwa a cikin ganuwa? Jakara ma an rufe ta an shimfiɗa titi a kanta, amma ruwanta yana nan yana gudu ta ƙarƙashi, ɗauke da duk ledar da muka ba yaro ya zubar a kwata, ya nufi Wasai inda masu lambu suke ban ruwa da shi, su kawo mana latas da kabeji mu saya.

Saboda haka gobe idan za ki miƙa wa yaro kwandon shara, ki tambaye shi inda zai juye. Idan kuma makarantar yaranki ta shirya kai su Baturiya, ki lallashi babansu ya ba da kuɗin mota. Watan Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da baƙin suke nan, a sa musu rigar sanyi, a kuma ja musu kunne kada su matsa bakin ruwa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.